Sanarwar Bayan Taron Masu Bishara Kan Matsayin Hujja da Hali a Aikin Shaida

Zumuntarmu ta masu bishara, fastoci da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki masu hidima da harshen Hausa ta yi zamanta na shekara-shekara. Wakilai sun zo daga ikkilisiyoyi daban-daban na arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Batu guda aka tattauna: wajen ba da shaidar Yesu Almasihu, wanne mai bi zai sa a gaba, kare bangaskiya da hujja ko nuna ta a halin zamansa da mutane? Bayan addu'a da nazarin Maganar Allah da doguwar muhawara, taron ya fitar da wannan sanarwa.

Abubuwan da taron ya lura da su

1. Littafi Mai Tsarki bai raba hujja da hali ba. A 1 Bitrus 3:15-16 an umarci mai bi ya zauna da shirin amsa wa mai tambaya, amma an haɗa umarnin da tawali'u da tsabtar lamiri. Tambayar kuma daga wanda ya ga zamanka take fitowa. Manzo Bulus da ya yi muhawara da masana a kasuwar Atina, shi ne ya zauna yana ɗinkin tanti a Korinti yana ci da guminsa.

2. Tarihin bishara a yankin nan ya nuna inda ƙofa ta fara buɗewa. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, ya ƙware a Hausa, ya kuma yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Duk da haka Turawan mulki sun taƙaita wa'azi a masarautu. Mutane da yawa sun fara sanin Kiristoci ne a gadon jinya: asibitin Vom na 1922, wurin kula da kutare na Garkida, asibitin ido na Kano na 1943, da asibitin Galmi a Nijar na 1950. Wanda aka wanke wa gyambo ba tare da an tambayi addininsa ba, shi da kansa yakan tambayi dalili.

3. Hali kaɗai ba ya isa. Matasanmu a jami'o'i da kan Facebook da TikTok da WhatsApp suna shan tambayoyi kullum: yaya Allah zai zama uku cikin ɗaya, me ake nufi da Ɗan Allah, shin an canza Linjila, shin an gicciye Yesu? Da yawa sukan yi shiru don ba a koya musu ba, wasu kuma shakka ta kama su. Marigayi Dokta Byang Kato na Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya yi ta kiran ikkilisiyar Afirka ta horar da masananta na tauhidi, kuma har yau kiran bai tsufa ba.

4. Muhawara tana saurin komawa zage-zage. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya taso ne daga saɓani kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuwa bidiyon minti ɗaya kan zaga ƙasa kafin gari ya waye.

5. Babban mai rusa hujjarmu yana cikin gida: shugaban da ya taɓa kuɗin baiko, ma'aikacin da ke karɓar cin hanci ranar Litinin bayan ya rera waƙa ranar Lahadi, ɗan kasuwar da ke tauye mudu, da ƙabilanci a zaɓen shugabanni.

6. Taron ya yaba wa ikkilisiyar EYN, wadda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, amma ta riƙe koyarwarta ta ƙin ramuwa. Ya kuma tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallaci da gidansa. Aikinsa ne ya sa muka girmama shi, kuma da irin wannan ma'aunin maƙwabtanmu ke auna mu.

Matsayar taron

1. Hali ne gaba, hujja na biye da shi, kuma ba a yar da ko ɗaya ba.

2. Makarantun Littafi Mai Tsarki da makarantun Lahadi su koyar da amsoshin tambayoyin da matasanmu ke sha da Hausa mai sauƙi, su kuma bayyana aƙidar wasu yadda masu ita za su yarda cewa haka take.

3. Babu memban zumuntar nan da zai zagi abin da wani ya ɗauka da tsarki, a kan bagade ko a intanet. Wanda ya yi, dattawan ikkilisiyarsa su tsawata masa.

4. Kowace ikkilisiya ta riƙa karanta lissafin kuɗinta a gaban jama'a.

5. Taimakon jinya da abinci da rijiya ya kai ga kowa, ba tare da sharaɗin sauya addini ba. Sayen tuba da kyauta haramun ne a gare mu.

6. Zumuntar mata da ta matasa su farfaɗo da gaisuwar mara lafiya, ta'aziyya da barka ga maƙwabta Musulmi da masu addinin gargajiya.

Muna kira ga kowane mai bi ya yi karatu har ya iya amsawa, ya kuma gyara ciniki da alkawari da zaman unguwa har a ga dalilin tambayarsa. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro