Gwanayen gini sun yi ƙaranci a Kudu, yaranmu kuma suna ɗaukar kwano

Bara na sa aka shimfiɗa mini tayil a ɗakuna biyu a Agege. Kafin damina ta fita, in ka taka sai ka ji ƙasan na amsawa kamar ganga. Da na kira wani tsohon birkila ya duba, cewa ya yi: "Alhaji, wanda ya yi maka aikin nan bai gama koyo ba."

Matsalar ta wuce gidana. Shekara da shekaru, masu gini a Legas da Ibadan sun dogara da gwanayen Togo da Kwatano wajen tayil, filasta da silin. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, abin da suke samu ya daina auki in an mayar da shi sefa, da yawansu suka koma gida. Siminti kuma ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Mai gida na neman sauƙi, ɗan kwangila na neman riba, sai a rage siminti, a sa siririn rodi, a ɗauko wanda jiya-jiya lebura ne a ce masa magini.

Mun ga inda ganganci ke kaiwa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi, mutum fiye da 40 suka rasu. In gini ya faɗi, leburan da ke ƙasa ne ya fara tafiya, kuma sau da yawa namu ne.

To, ga abin da ke damuna. Je kowane wurin gini, yaranmu ne ke haƙa tushe, su ke ɗaukar yashi da bulo, su ke gadi. Da wuya ka ga namu riƙe da cokalin gini. Koyo na cin shekaru, acaɓa kuwa kuɗin yau ne. Amma tun 2022 aka hana acaɓa a manyan sassan Legas.

Shawarata ga sarakunan Hausawa, daga Agege zuwa Sabon Ibadan: ku haɗa yara da amintattun gwanaye, al'umma ta ɗauki nauyin cinsu har su ƙware. Mai gida kuma, kafin ka ba da aiki, je ka ga ginin da mutumin ya yi shekara uku baya. Arha ba ta ado.