Ganyen ado a gidan kiwo? Ni ban goyi baya ba

'Yan uwa masu kiwo, akwai ganyen adon nan na tukunya, faffaɗa mai ɗigon fari, sunansa Dieffenbachia. Ruwansa na ƙona baki, ya kumbura maƙogwaro. A nan Lahodu, in rani ya tsananta, duk koren da kaza ta gani sai ta caccake shi. Haka 'yan awaki, balle yara. Wani zai ce a ɗora tukunyar bisa katanga. To ai kaza tana tashi! In dole ne, a ajiye shi a ɗaki a rufe, dama ba ya son zafin rana. In kore kake so a tsakar gida, shuka zogale: ku ci, kaji su ci.

Me kuka shuka kusa da akurki?