Teburin ƴan Sin da riɗin Dantchiao

A Yamai, wanda ya samu kwangila ko ya hau kujera, gidan abincin ƴan Sin yake kai baƙinsa. Shinkafa ce da nama, a ɗiga man riɗi, amma kuɗin zama guda ya isa ya ciyar da iyalin mushen lakwal kwana da kwanaki.

Sin tana cikin manyan masu sayen riɗin Nijar, manoman Dantchiao da Magarya da Dungas kuwa suna cikin masu noma shi. Ɗanye yake fita, sau da yawa ta kasuwannin Najeriya, ribar matse mansa ta faɗa aljihun wasu.

Zancen fetur ma haka yake. Da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC ne, 40 na Nijar. A watan Maris na 2025 gwamnati ta kori manyan jami'an mai uku ƴan Sin saboda tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa, ta kuma janye lasisin otal ɗin Soluxe bisa zargin wariya.

Rufe otal ba shi da wuya, kuma ba ya ƙara wa buhun riɗi ko dala ɗaya. Muna kira ga hukuma ta buga yarjejeniyoyin mai, har da ta bashin dalar Amurka miliyan 400 da aka karɓa a 2024, domin ɗan kasuwa da ma'aikaci su karanta. A kuma kafa injinan matse riɗi a Magarya. Muna maraba da baƙo mai jari, da sharaɗin mai gona ya samu wurin zama a teburin.