Zaɓen Gunduma a Gana: Nauyin da ke Kan Matasan Zango

Ranar 19 ga Disamba, 2023, aka yi zaɓen majalisun gunduma a Gana, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. Tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara a wannan mataki, don haka babu motar jam'iyya mai kwasar jama'a, babu gangamin da zai tayar da unguwa. Matasa ne suka fi cancanta su cike wannan giɓi.

Ɗan majalisar gunduma shi ke kai kukan unguwa game da magudanan ruwa, kwashe shara da fitilun titi. Mazaunin Nima ko Mamobi a Akra, wanda ambaliya ke iske shi har ƙofar ɗaki, ya fi buƙatarsa fiye da minista.

Don haka matasan da ke bin gida-gida, suna tunatar da jama'a bayan sallar Juma'a, suna raka tsofaffi rumfar zaɓe, sun cancanci goyon baya. Sharaɗin guda ne: kada su karɓi kuɗin ɗan takara, domin wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ana yin zaɓen ne duk bayan shekara 4. Shirin 2027 ya kamata ya fara tun yanzu.