Ta Wace Ƙofa Ƙasar Nan Ta Shigo Hannunka?

Ƙofar Rini tana cikin ƙofofin nan takwas na ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A da, wanda ya fita bayan ganuwa gonaki zai tarar. Yau kuwa gari ya tsallake ganuwa, gonakin kakanni sun zama fuloti, ƙasar da ake bayarwa da godiya da goro ta zama abin kuɗi masu nauyi. Inda kuɗi ya shiga, husuma ba ta nisa. Sai ka ga 'yan ɗaki ɗaya gaban alƙali, kowa yana rantsuwa, alhali tsofaffin da suka san asalin magana duk sun riga mu gidan gaskiya.

Mu a ganinmu tushen wannan fitina ɗaya ne, watau mutane sun ɗauka zama a wuri shi ne mallakarsa. To, ba haka ba ne. Kamar yadda birni yake da ƙofofi, haka ƙasa take da ƙofofin da take shiga hannun mutum, kowace da hukuncinta.

Akwai saran daji, wanda Shari'a take kira raya matacciyar ƙasa, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kansa. Akwai gado, da saye, da kyauta. Waɗannan su ne suke ba mutum ikon da zai bar wa 'ya'yansa. Sa'an nan akwai aro, da haya, da jingina, waɗanda amfani kaɗai suke bayarwa. Gonar jingina kome daɗewarta tana jiran ranar fansa. Gidan aro kuwa, ai an ce zanen aro ba ya rufe katara. Hubusi ba a sayarwa, ba a gado. Burtali da makiyaya da maƙabarta na jama'a ne. Gidan gadon da ba a raba ba, in ɗaya daga magada ya sayar wa bare rabonsa, sauran suna da hakkin shufa'a, watau su biya kuɗin su karɓe.

A lura kuma da hauzi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya zuba ido bare yana gini da rushewa a ƙasarsa shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, to, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Amma hauzi ba ya mai da aro ko jingina mallaka, muddin akwai shaida. Kun ga inda takarda take da rana.

Bisa duk wannan ga dokar Gwamnati. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Gwamna Lugga ya shaida wa manyan gari ikon ƙasa ya koma hannun sabuwar hukuma. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin Gwamna, ya riƙe don amfanin 'yan ƙasa, ta 1962 ta bi sawunta. A 1978 Janar Obasanjo ya kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya duka, ita ce kuwa take aiki har yanzu. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha amana ce hannun Gwamnanta. Abin da mutum yake da shi hakkin zama ne da amfani. A birni Gwamna yake bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma. Sayar da irin wannan hakki a birni ko jinginar da shi sai da yardar Gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. In an karɓe wuri don aikin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya, ba ta ƙasar kanta ba.

Wani zai ce neman takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Mu ba mu ga haka ba. Addini da kansa ya yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu, balle gida. Takarda ba ta ɓata zumunci, rashinta ne yake raba jikoki. Gaskiya ne neman takardar shaidar fili yana cin kuɗi da lokaci, wajibi ne hukuma ta sauƙaƙa shi, domin hanyar da ta yi wa talaka tsawo ba zai bi ta ba.

Saura ku, malaman makaranta da akawuna, magada malaman En'e na da. Gare ku jama'a suke kawo takarda a rubuta musu. Kada ku rubuta "na ba shi" kawai. Ku tambaya: kyauta ce, ko aro, ko jingina? Ku sa iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, da sunayen maƙwabta, da shaidu, da kwanan wata, mai unguwa ya sani. Mai saye kuma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya binciki yadda mai sayarwa ya samu, ya ji ko an raba gado, kafin ya ƙirga kuɗi.

Allah ya sa mu bar wa na baya gida, ba shari'a ba, amin.