Guguwar Rana da Kasuwancin Gombe

A watan Maris na 1989, wata guguwar maganaɗisu da ta taso daga rana ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu har awa 9. A 2022 kuma, irinta ta lalata taurarin ɗan'adam 38 na kamfanin Starlink.

Bai kamata 'yan kasuwar Gombe su ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba. Birnin yana kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saƙon GPS kan rikice bayan faɗuwar rana, alhali masu awon filaye da masu jigilar kaya sun dogara da shi.

Masana kan nazarci hawa da saukar maganaɗisun da lissafin firaktal, wanda ke gano tsari mai maimaita kansa cikin hargitsi. Benoit Mandelbrot, uban wannan fanni, da farashin auduga ya yi nazarinsa a 1963.

Don haka ya dace Jami'ar Jihar Gombe ta haɗa gwiwa da Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta Anyigba wajen kafa tashar awo, attajirai kuma su ɗauki nauyinta. Tun ran gini ran zane.