A Dawo Mana Da Yammacin Laraba, A Shigo Da Masu Awara

Duk wanda ya duba rasit ɗinsa na rajista zai ga layin kuɗin wasanni. Mun biya a shekarar farko, mun sake biya a ta biyu. To 'yan uwa, tsakani da Allah, sau nawa ƙafarku ta taka filin wasa, in ban da ranar da aka tara mu rantsuwar sababbin ɗalibai?

Tsohuwar al'ada ce a manyan makarantun ƙasar nan a bar yammacin Laraba babu lakca, don ɗalibi ya motsa jiki. A nan kuwa yammacin Laraba ya zama juji: malamin da ya rasa lakcarsa ta Litinin nan zai zuba ta, mai tes ma nan. Filin kuma ya koma hannun 'yan ƙalilan da ke atisayen gasar NIPOGA. Ina yi musu fatan kofi, amma kuɗin da dubbai suka biya bai kamata ya ƙare a kan mutum ashirin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da sauri ma tana ciki, ba sai da rigar ƙwallo ba. Mu samari muna samun wannan ko ba mu shirya ba, da ƙwallon bayan hostel da tattakin zuwa bakin get. Wahalar tana kan 'yan mata. Ɗaliba da hijabinta ba za ta fito ta yi gudu a filin da samari suka yi masa zobe suna fito ba, kuma ba ta yi laifi ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, shekara biyu cur. A ware musu wuri mai katanga da lokaci nasu, ko da awa ɗaya ce bayan La'asar, a ba su raga da ƙwallo da igiyar tsalle, a ga ko ba za su cika wurin ba.

Na san abin da wani zai ce da zarar an taɓo maganar abinci: ana ta kai, wa ke ta kaya? Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsarin 1-0-1 ya koma 0-1-0 a ɗakuna da yawa. Wanda ya dace da bashin NELFUND, dubu ashirin yake karɓa a wata, ko ɗari bakwai ba ta kai ba a rana. Mai wannan kuɗin ba za a ce masa ya ci tuffa da kifi ba. Amma ƙarancin kuɗin shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata mu duba abin da muke saye da shi.

Ɗauki lemon kwalba. Babbar robar nan ta 50cl tana ɗauke da suga cokalin shayi goma ko fiye, alhali iyakar da hukumar lafiyar ta sa wa babban mutum ba ta wuce wajen cokali goma sha biyu ba a yini guda. Ka shanye, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo, ga kasala ana tsakiyar lakca. Har gwamnati ta sa harajin naira goma kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, amma shagunanmu ko a jikinsu. Lemon hana barci na lokacin jarrabawa kuwa ya fi muni, suga ne da kafeyin a cikin da babu komai, shi ya sa za ka ga mutum hannunsa na rawa a kan takarda. Indomie ba haramun ba ce, sai dai in kullum ita ce, ba ƙwai ba ganye, gishirin ƙullin nan kaɗai yana cinye kaso mai tsoka na giram 5 da aka ce kada a wuce a rana. Hawan jini ba ya jiran mutum ya yi furfura.

Kuɗin robar nan guda zai saya maka awara ko ƙosai mai riƙe ciki. Garau-garau da muke rainawa, shinkafa da wake suna cike wa juna abin gina jikin da kowannensu ya rasa. In ka matsa lemon tsami ko ka yanka tumatir a kai, jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarin jini da ke cikin waken, shayi kuma rage shi yake yi in an sha tare. 'Yan mata masu yawan jin jiri su riƙe wannan. Ga kwaɗon zogale da ƙuli, ga ɗanwake, ga gyaɗa, ga yalo da mangwaro in lokacinsu ya zo.

Amma ina ake samunsu? A wajen get. Iyayenmu mata masu tuyar awara da kwaɗo an tura su bakin titi suna shan ƙura, shagunan da ke ƙofar hostel kuma biskit ne da lemo da taliya, domin su ne ba sa lalacewa kuma ribarsu ta fi. Wanda ke da minti goma tsakanin lakca biyu abin da ke kusa zai saya. Don haka takardun wa'azin cin abinci mai kyau da ake mannawa a bango ba za su canza komai ba. Ƙungiyar ɗalibai tana da baki a rabon shaguna. Ta nemi a ba matan nan rumfuna a ciki da haya mai sauƙi, da famfo kusa, da sharaɗin rufe abinci, asibitin makaranta ya riƙa leƙa su. A kuma gyara famfunan ruwan sha na sassan karatu, don ƙishirwa ce ke kai da yawanmu gaban firij.

Mu dai mun kusa miƙa furojet mu kama gabanmu. Ku da za ku zauna, zaɓen ƙungiya na tafe, kuma kowane ɗan takarar daraktan wasanni da na walwala zai hau dandamali ranar gabatar da manufa. Ku tambaye shi nawa aka tara na wasanni bara, me aka saya da shi, kuma yaushe zai kai wa hukumar makaranta takarda kan yammacin Laraba. Wani ya ɗauki amsar a waya.